Alamar da Ta Ɓace wa Malam Haruna

Samarin da ke zuwa shagona a bayan tashar motar Ƙaura, suna neman in koya musu gyaran kwamfuta, kusan bakinsu ɗaya ne. Suna ganina zaune a kujera, fanka na kaɗawa, babu gumi babu baƙin mai a riga, sai su ce ai abin danna-danna ne. Ba na musu da su. Da yawansu sun fi ni saurin yatsa, wasu ma sun san abubuwa a waya da ban taɓa jin sunansu ba. Abin da nakan yi shi ne in juya musu gilashin kwamfutar, in nuna musu layin nan da ke kwance a ƙasansa, inda 'yan ƙananan alamu suke jere, wanda mu masu sana'a muke ce wa tasba. In tambaye su ko akwai abin da ya fi wannan sauƙi a cikin na'urar. Sai su yi dariya. To a kan wannan layin na ga aikin da ya fi kowane nauyi a rayuwar sana'ata.

Aikin farko da aka sa a hannuna ba kwamfuta ba ce, tafireta ce. Maigidana, Baba Lasisi, Bayarabe ne da jirgin ƙasa ya kawo Ƙaura tun kafin a haife ni, ya zauna yana gyara injinan ofisoshi. Wani akawu ya aiko da tasa, harafi ɗaya yana maƙalewa. Na wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na miƙe ƙarfen harafin da filaya, na gwada har hannuna ya gaji, bai maƙale ba. Na kai wa Baba ina jin kaina. Bai ko duba ba. Ya ce in ɗora ta a kai in kai wa mai ita, kuma kada in dawo sai na tsaya ya buga shafi guda a gabana. Na je na tsaya. Ashe akawun da yatsa biyu yake bugu, kuma daga gefe yake saukar da yatsan kamar mai sassaƙa. Bai gama layi na biyu ba harafin ya sake maƙalewa. Na koma da ita a kai, rana na dukana. Baba ya lanƙwasa ƙarfen kaɗan zuwa ɓangaren da mutumin ke bugowa, abin da a idona ɓata shi ya yi. Ba ta sake dawowa ba.

Shekaru na yi a ƙarƙashinsa, ina shara, ina ɗaukar injina, ina shan ranƙwashi idan na ɓatar da noti. Da tafireta ta fara mutuwa shi ya riga ya tsufa, ya koma garinsu. Ni kuma na sayi matacciyar kwamfuta a hannun wani mai buga takardu, na kwance ta na ɗaure, na sake kwancewa, har na san kowace waya da inda take zuwa. Kayan aikina ba su da yawa har yau. Sukudireba masu kan tauraro, mita ta gwada wuta, ƙarfen narka dalma, buroshi mai laushi, filas-filas na adana fayil da manhaja da ke rataye a wuyana da igiyar takalmi, sai ɗan inbata da batirin mota, don wutar garin nan baƙuwa ce, ba a sanin ranar zuwanta. Duk wanda ya zo koyo yana son ya taɓa ƙarfen dalma. Amma a cikin aikin da ake kawo mini, wanda ke buƙatar dalma kaɗan ne. Mafi yawa na'urar lafiyarta lau. Mutum ne ya saba ganin abu a wuri ɗaya, aka wayi gari ba ya wurin.

Akwai wani mai kemis a Zurmi da ya sayi sabuwar kwamfuta ya aiko a kira ni, wai manhajar da yake duba magungunansa da ita ta shiga ƙasa. In ya rufe tagarta sai alamarta ta ɓace daga layin ƙasa, in ya nemi sake buɗewa sai ta ce masa ai a buɗe take. Dabarar da ya samo ita ce ya zare wayar wuta daga bango ya mayar, kullum sau da yawa, har na'urar ta fara wani ƙara kamar tsohon firji. Na hau babur na tafi. Lokacin hanya hanya ce, mutum na tsayawa a ƙauye ya sha fura a gindin bishiya ba ya waiwaye. Da na isa na ce ya yi yadda ya saba ina kallo. Ya rufe, alamar ta tafi. Na kai kibiyar maus can kusurwar dama, kusa da agogo, inda wani ɗan tsini yake kamar kan mashi, na danna. Ga ta nan a laɓe tare da 'yan uwanta. Manhajar ba ta rufewa, ɓuya take yi. Na jawo ta fili, na shiga saiti na hana ta komawa. Mutumin ya daɗe yana kallon ɗan tsinin nan. Ya ce shi duk zatonsa datti ne a gilashi, har ya taɓa goge shi da hannun riga.

Irin waɗannan suna da yawa, kuma yawanci da dariya ake rabuwa. Na Malam Haruna ne ba a rabu da dariya ba.

Malam Haruna mutumin Badarawa ne, malamin dabbobi, ya ƙare aikinsa yana yawo a rugagen da ke tsakanin Shinkafi da Zurmi da akwatin allura a bayan keke, daga baya a bayan babur. Bahaushe ne, amma yana jin Fulatanci kamar a ruga aka yanke masa cibi. Da ya yi ritaya ya zauna a Shinkafi, sai ya ƙudurci rubuta littafi da Hausa a kan cututtukan shanu: sunan kowace cuta da Hausa da Fulatanci, yadda ake gane ta tun dabba ba ta kwanta ba, maganin asibiti, da kuma saiwoyi da sassaƙen da ya ga dattawan Fulani suna amfani da su, wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Ya ce abin da ya sani a bakin mutane ya tsince shi, kuma mutanen suna ta ƙarewa.

Ranar da ya fara zuwa wurina, da wata tsohuwar kwamfuta ya zo a cikin kwalin taliya, irin mai ƙaton ƙeya. Na gyara masa ita, na koya masa buɗe wurin rubutu da adanawa. A nan na lura yana kai fuskarsa kusa da gilashi fiye da kima. Ya gaya mini likita ya ce hawan jinin ido ne, ba irin yanar da ake cirewa ba, gani yana tafiya ne daga gefe-gefe yana tsukewa har ya rufe. Yana ɗiga magani, amma maganin jinkirtawa yake yi kawai. Ya faɗi haka kamar yana ba ni labarin saniyar wani.

To sai na tsara masa na'urar daidai idonsa. Na ƙara girman haruffa. Na kwashe duk tarkacen da ke layin ƙasa, na bar masa abin da yake buƙata kawai, na kafe su a hagu. Alamar rubutu, shuɗiya, ita ce ta farko daga kusurwa. Na koya masa ya ja maus har kibiya ta daki kusurwar hagu ta ƙasa inda ba ta iya wucewa, sannan ya matsa dama kaɗan ya danna. Ba sai ya ga kibiyar ba, hannunsa ya san hanyar. Na kuma saita ta yadda da ya danna, littafinsa ne zai fito daidai inda ya tsaya. Haka ya yi shekaru yana aiki. Duk ranar Alhamis da na shiga Shinkafi cin kasuwa da duba injinan masu buga takardu, nakan biya ta gidansa. Ya sa a kawo mini ruwa, ya karanta mini abin da ya ƙara. Ya gama babin sammore, ya gama na kirci, ya gama na ciwon huhu da na hanta. Yana da wata al'ada ta rubuta sunan wanda ya koya masa kowane abu, ardo wane na ruga kaza, inna wance mai tallan nono.

Sai shekarar nan ta zo. Ku da kuke samari kun san ta, amma kun san ta ne a matsayin shekarar da waya ta daina kira. Mu masu sana'a mun san ta ta wata fuska. An yanke layin sadarwa saboda 'yan bindiga, an rufe kasuwannin mako, man fetur ya zama sai da wahala. Mai buga takardu ba shi da wanda zai buga wa, ɗalibai sun watse, masu cirar kuɗi da na'ura sun naɗe lemarsu. Ni da nake sauke manhaja daga intanet, filas ɗin wuyana ya zama shi ne duk abin da na mallaka. Nakan buɗe shago in share, in zauna in ga mutanen Kurya da na Ɗan Isa suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Wasu kwastomomina sun zo sun sayar mini da injinansu don su ci abinci, na saya wasu don kunya, ba don ina da mai saye ba. Hanyar Shinkafi kuwa sai direba mai ƙarar kwana. Na daina zuwa.

A cikin wannan hali tsohuwar kwamfutar Malam ta mutu. Ɗiyarsa Balkisu, ma'aikaciyar jinya ce a Gusau, da labari ya kai mata sai ta sa aka kai mata na'urar, ta saya masa sabuwar laftof, ta sa masu shago can suka kwashe masa duk abin da ke cikin tsohuwar suka zuba a sabuwar. Aikinsu sun yi shi daidai, babu abin da suka bari. Sai dai ba su san mutumin da zai zauna a gabanta ba. Aka ba wani direba ya kai masa.

Direban nan, Mamman, shi ne ya tsaya a ƙofar shagona wata rana da hantsi, bai ko kashe mota ba. Ya ce Malam Haruna na gaishe ni, ya ce a gaya mini sabuwar na'ura ta cinye masa littafi. Na tambaye shi me ya gani da idonsa. Ya ce shi dai ya ga tsoho yana ta jan abin nan mai kama da ɓera yana dannawa, labaran Turawa da hoton gajimare suna fito masa.

Nan take na gane rabin matsalar. Sababbin na'urorin da suka fara shigowa lokacin, an sauya musu tsari. Alamun layin ƙasa ba a hagu suke ba, an tattara su a tsakiya. Kusurwar hagun da hannun Malam ya sani, wani abu daban aka sa a wurin. Kuma abin da ke tsakiya ba ya zama wuri ɗaya. Da ka buɗe wani abu, sabuwar alama ta shigo layi, sai duk sauran su gusa don su daidaita. Mai ido ba ya ko lura. Wanda ganinsa ya tsuke ya zama kamar leƙe ta bakin kwalba, kuma da hannu yake gane wuri, an ɗauke masa ƙasa ne daga ƙarƙashin ƙafa.

Gyaran ba wani abu ba ne. Na zaunar da Mamman na nuna masa a kan tawa: a danna layin da maɓallin dama, a shiga saiti, a gangara ƙasa, a zaɓi hagu. Na sa ya maimaita. Ya maimaita daidai, ya tafi. Mamman mutumin kirki ne, amma mutum ne da yake tuƙi ido ɗaya a kan titi ɗaya a cikin daji. Ko da ya isa Shinkafi abin ya zube masa, sai kalmar saiti da kalmar ƙasa. Suka kira wani mai cajin waya a bakin kasuwa, shi ma da niyyar taimako ya shiga saitin, ya gangara ƙasa, ya danna abin da ya gani. Abin da ya danna shi ne wanda ke sa layin ya riƙa ɓuya gaba ɗaya, ba ya fitowa sai kibiya ta taɓa ƙasan gilashi.

Saƙo na biyu da ya zo mini shi ne yanzu alamun ma duk sun gudu. Na sake aikawa da bayani, bai isa ba, don a satin aka tare hanya, Mamman ya ajiye mota ya koma gona. Babu waya, babu wanda zan aika. Sau biyu na shirya jaka na je tasha, ana cewa mota ba ta tashi, ko ta tashi ta juyo daga hanya. Damina ta ƙare, aka yi girbin da aka samu yi, sanyi ya shigo ya fita.

Sai da zafi ya fara sannan na samu shiga wani ayarin motoci da sojoji ke rakawa. An ce mana duk mai son komawa ya kasance a tasha da an idar da la'asar. Na sauka na wuce gidan Malam kai tsaye. Na same shi a zaure a kan buzu, laftof a kan wani ɗan teburi a gabansa, ya rame, ya sa baƙin tabarau. Na yi sallama, ya juyo da kunnensa wajena, ba idonsa ba.

"Isiyaku ne?" ya ce. "Kai dai anka jira."

Muka gaisa, ya tambayi iyali da mutanen Ƙaura, wa ya rasu wa ya tashi. Sannan ya ce kada in damu da tsohon littafin, ya riga ya haƙura da shi, Allah ya nufa ya tafi. Ya ce da ƙyar ya gano wata hanya: in ya yi ta lalube yana dannawa, wani lokacin farar takarda na buɗe masa, sai ya fara rubutu daga farko. Abin da yake so in gyara masa kawai shi ne ta daina cinye wanda yake sakewa, don kullum ya kashe ya kunna sai ya tarar babu, sai ya sake farawa.

Na jawo teburin gabana. Na hana layin ɓuya, ya fito ya tsaya. Na mayar da alamun hagu. Na lura har da wata matsalar: alamar rubutun da masu shago suka kafe ba ta manhajar kanta ba ce, ta wata 'yar ƙofa ce da ke kaiwa gare ta, shi ya sa in an danna sai wata alamar daban ta ɓullo can ƙarshen layi, ta farkon ta zauna kamar ba a taɓa ta ba. Na cire ta, na buɗe manhajar, na kafe ta gaskiyar. Kafin ruwan da aka kawo mini ya huce daga sanyin randa na gama duk wannan.

Sannan na buɗe folda. Littafinsa na nan, cikakke, babu harafin da ya ɓata, a cikin wata folda da masu shago suka sa wa suna da Turanci. A ƙarƙashinsa kuma ga wasu fayiloli jere har sai da na gangara, duk marasa suna, na'urar ce ta adana su da kanta. Na buɗe na farko: gabatarwa ce da farkon babin sammore. Na biyu, gabatarwa da farkon babin sammore. Haka na uku, haka na bayansa. Na farko-farkon suna da tsawo, rubutu tsaf. Da na yi ƙasa sai suka riƙa gajarcewa, haruffa suna hawa kan juna, yatsunsa sun gusa daga layinsu a kan kibod bai sani ba. Na ƙarshen ba a iya karanta ko kalma ɗaya. Watannin ganin da suka rage masa, a nan suka tafi, yana sake rubuta abin da ke kwance lafiya ƙasa da taki ɗaya daga hannunsa.

Na gaya masa littafin bai ɓata ba. Ya tambaye ni har da babin huhu, na ce har da shi. Har da sunayen mutane, na ce duk suna nan. Ya yi hamdala a hankali. Ya ce in juyo masa da ita. Ya cire tabarau, ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ja maus ɗin zuwa kusurwa kamar yadda ya saba, ya matsa dama, ya danna. Littafin ya buɗe. Hannun bai manta ba. Na ƙara girman haruffa har kalma biyu suka cika gilashin, na mayar da bayan baƙi rubutun fari, na ƙure haske.

"Ya buɗe?" ya ce.

Na ce ya buɗe, Malam.

"To. Ni haske kawai nika gani."

Ya mayar da tabaransa. Ya ce in karanta masa inda ya tsaya. Babin harbin daji ne, cutar nan da ke kama maraƙi mai ƙiba ya kwana lafiya ya wayi gari ƙafa ta kumbura. Ya yi bayanin allurar rigakafi ya gama, ya shiga maganin gargajiya, ya rubuta cewa akwai wani itace da wani ardo ya nuna masa a bakin gulbi, ana jiƙa sassaƙensa, sunansa da Fulatanci, sai ya bar fili. Ya ce ya bar filin ne don sunan ya kuɓuce masa, yana nufin in ardon ya shigo kasuwa ya tambaye shi. Rugar ta tashi tun kafin a rufe kasuwar. Wasu sun ce sun yi Nijar, wasu sun ce ba su kai ba.

Na ce ya faɗa ni in buga. Muka fara. Yana magana a tsanake, yana tsayawa ya gyara kalma, yana sa ni in maimaita masa. Ya kwatanta itacen tun da ba suna: ganye ƙanana, ɓawo mai ja a ciki, ɗaci kamar maɗaci amma ba shi ba. Mun samu kamar shafi guda da wani abu sai aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ya ji na tsaya da bugu. Shi da kansa ya ce in tashi kada ayari ya bar ni. Na kwafi littafin a filas ɗina, na nuna wa matarsa inda za ta danna in an samu mai buga masa, na ce zan dawo Alhamis ta sama.

Ban dawo ba. A makon aka sake kai hari a hanyar, ayarin ya tsaya. Da layin waya ya dawo na kira, matarsa ta ce Balkisu ta zo ta tafi da su Gusau, jikin nasa ya ƙi. Na yi magana da shi sau ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce akwai babi uku a kansa, in ya ji sauƙi zai faɗa wa jikokinsa su rubuta. Kafin ruwan farko ya sauka aka aiko mini da rasuwarsa.

Bayan an yi arba'in Balkisu ta biyo ta shagona da laftof ɗin a cikin jakar asibiti. Ta ce, "Kawu, mi za a yi da aikin Baba?" Ta tambaye ni kuma ko na'urar da ta saya ce ba ta da kyau. Na ce mata na'urar ba ta da laifi, mai kyau ce ta zaɓa, kuma gaskiya na faɗa. Sauran ban ga amfanin faɗa mata ba. Na goge fayilolin nan marasa suna kafin in miƙa mata. Littafin kuma na daidaita shi na buga kwafi kaɗan a firintata, na ɗinke su da zare da bango mai kauri. Ta ɗauki na gida, ta bar mini sauran, ta ce in ba masu shanu, tunda don su aka yi.

Da aka buɗe kasuwa na ɗauki kwafi ɗaya na shiga kara, inda ake cinikin dabbobi. Shanun ba su kai rabin na da ba, masu su ma yawanci dillalai ne. A gefe na samu wani dattijon Bafulatani zaune riƙe da sandarsa, da 'yan awaki biyu, na gaishe shi na gaya masa abin da ke hannuna. Ya san Malam Haruna, ya ce ya sha yi wa garkensu allura lokacin da suke da garke. Ba ya karatun boko, ya ce in karanta masa. Na tsuguna na karanta masa babin sammore yana gyaɗa kai, ya ji sunan wani da ya sani ya ce Allah ya jiƙansa. Na tsallaka zuwa shafin ƙarshe, na karanta masa kwatancen itacen, na tambaye shi ko ya san sunansa, in cike filin da biro.

Ya ce ya san itacen, ya sha ganin babansa yana sassaƙarsa, in ya gan shi ko a cikin dubu zai nuna. Sunan ne shi ma ya tafi masa, don an daɗe ba a kira shi ba.

"Shina nan bakin gulbi," ya ce, ya nuna gabas da haɓarsa. "Amma wa ka zuwa can yanzu?"

Na bar masa kwafin, ya naɗe shi ya sa a aljihun riga ya ce akwai jikansa da ke makaranta. Na mayar da biro aljihu na koma shago.